Lambun ƴan sikawut yana bayan gari

A manyan biranen Turai akwai lambunan da aka keɓe domin ilimin tsirrai, inda kowace itaciya ke ɗauke da allo mai sunanta. Can ake kai ƴan sikawut, su taɓa ganye, su sansana saiwa, su shuka iri da hannunsu. Tun zangon farko da Baden-Powell ya kafa a Ingila a 1907, sanin daji yana cikin ginshiƙan wannan tarbiyya.

Wani ma'aikaci zai ce: mu a Azagor, cikin gundumar Dakoro, ina muka ga irin wannan lambu? Amsata ita ce yana bayan gari, alluna kaɗai ya rasa.

Ni kaina na fito lise ina iya zana furen ƙasar Faransa, in faɗi sunan kowane sashensa da Faransanci, amma ran da wani tsohon makiyayi ya nuna mini jiga ya ce in faɗi sunanta, sai na yi tsuru-tsuru. Wannan kunya ce ba na so ƙannenmu su gada. Domin a ƙasar nan sanin itace ya wuce ado, makamin tsira ne. Waɗanda suka ga yunwar 1984 da ta 2005 sun san abin da anza ta yi wa talaka. Sun kuma san ba a cin ƴaƴanta sai an jiƙa su kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita. Yaron da bai taɓa ganin an yi ba, littafi ba zai cece shi ba ranar da rumbu ya ƙare.

To, me zai hana shugabannin sikawut da malaman lakwal su fitar da yara sau ɗaya a wata, tare da ma'aikacin gandun daji da dattijo guda? Kowane yaro ya karɓi itaciya ɗaya, ya rubuta sunanta da Hausa, da Tamajaq, da Fulatanci: aduwa, magarya, sabara, kalgo, bagaruwar da majema ke jima da ita. Ya lura da gawo, wanda ke zubar da ganye da damina lokacin da gero ke bukatar rana, ya kuma yi kore da rani lokacin da bisashe ke neman abinci. Ya gwada da kansa ya ga ƙwayar gawo ba ta saurin tsira sai an jiƙa ta a ruwan zafi ko ta ratsa cikin akuya. Ya koyi gane garmani, ciyawar da ke mamaye makiyaya alhali dabba ba ta ƙaunarta.

Babban darasi kuwa jaharmu ta Maraɗi ce ta koya wa duniya shi. Sassaben zamani ya soma a nan a 1983, lokacin da Tony Rinaudo, mutumin Ostiraliya, ya lura cewa kututtukan da manoma ke sarewa kowace bazara suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. A zaɓi rassa biyu zuwa biyar mafi ƙarfi, a datse sauran, a kare su daga awaki. An ƙiyasta wannan dabara ta farfaɗo da hekta miliyan 5 a Nijar. Aiki ne da yaro ɗan shekara 12 zai iya da wuƙa ɗaya. A gwada shi da dashen ranar 3 ga Agusta, inda manya ke zuba ruwa gaban masu hoto, kana a bar ɗan icen ga Allah da awaki.

Sannan ga gandun Gadabeji a maƙwabta, hekta 76,000, wanda aka keɓe tun 1955, UNESCO kuma ta sanya shi cikin jerinta a 2017. A 2018 an kai raƙuman dawa 8 can daga yankin Kure. Yara nawa ne na Azagor suka taɓa ganinsu suna kiwon ƙaya?

Nan ne maganar ta zo kanku, alhazan kasuwa. Abin da ake bukata bai wuce mota ɗaya ta yini guda ba, da man da za ta sha, da littattafan rubutu, da gwangwanin fenti na rubuta alluna. Magajin gari kuma ya ware fili kusa da rijiya, a kewaye shi da ƙaya kafin damina ta sauka.