Hattara da Sauya wa Tsohuwar Mota Bakin Salansa

Da zarar watan Disamba ya kama, 'yan kudancin Jihar Kaduna mazauna Ikko da Badun da Shagamu sai su shiga haramar zuwa gida. Wasu Kirsimati ke kai su, wasu bikin Afan na Kagoro da ake yi ranar 1 ga Janairu, wasu kuwa sada zumunci kawai. Mai 'yar tsohuwar motarsa ta Beljiyam yakan fara kai ta gareji a duba masa ita. To, a nan ne wata shawara ke yawan fitowa daga bakin kanikawa, a Ikko ko bayan an isa Kafanchan: wai a cire bakin salansa na asali, a sa wanda ake kira heda, mota ta ƙara ƙarfi ta kuma rage shan mai. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, duk maganar da aka ce za ta rage shan mai tana saurin shiga kunne. Amma ga tsohuwar mota mai giyar otomatik, watau wadda ke canja giya da kanta, wannan shawara ɓarnarta ta fi amfaninta.

Bakin salansa na asali, wanda kanikawa ke ce wa manifol, a yawancin tsofaffin motoci curin ƙarfe ne mai kauri da ke tattara hayaƙin kowace silinda ya tura shi bututu ɗaya. Heda kuwa bututai ne marasa kauri, kowace silinda da nata, tsawonsu kusan ɗaya, su haɗu a ƙasa. Dabarar ita ce hayaƙin da ya fita daga silinda ɗaya ya taimaka wajen janyo na mai bi masa, injin ya sami sarari ya shaƙi iska. Wannan ba ƙarya ba ne, shi ya sa masu tseren motoci a Amurka da Turai ke sa shi. Sai dai amfaninsa ya fi fitowa ne sa'ad da injin ke juyi 4,000 ko fiye a minti ɗaya. Giyar otomatik kuwa, a tuƙi na yau da kullum, takan canja tun injin yana tsakanin juyi 2,000 da 3,000. Ashe ke nan mutum ya biya kuɗin ƙarfin da motarsa ba ta cika isa wurinsa ba. In kuma bututan sun yi fāɗi da yawa, sai motar ta ƙara nauyin tashi, direba ya riƙa danna totur, man da ake son tattali ya ƙone.

Babbar matsalar ita ce zafi. Hayaƙin injin da ke jan kaya yakan haura digiri 600. Curin ƙarfe na asali yana da garkuwa da kamfani ya sa masa, amma heda tsirara yake zuwa, yana fesa zafi ga duk abin da ke kusa da shi. A motoci da yawa abin da ke kusa da shi su ne bututan da ke kai man giya wurin lagireto ya huce, da wayar giya, da sitata. Man giyar otomatik ya fi son ya zauna wajen digiri 80 zuwa 90. In ya haura 120 sai ya fara ƙonewa, ya yi baƙi, robobin cikin giya su bushe, faifan kuloci su soma zamewa. Mai karatu ya dubi hanyar da motar za ta bi: kusan kilomita 1,000 daga Ikko ta Lakwaja da Abuja da Akwanga da Gidan Waya, ga iyali ga kaya, ga cunkoso, ga hawa da sauka. Wanda zai zarce Jos kuma yana da Hawan Kibo a gabansa. Giyar da ta shekara 20 tana aiki ba ta da sauran juriyar da za a ƙara mata wuta. Kuɗin sayen wata giyar kuwa ya ninka na heda sau da yawa. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Ba a ce kanikawan Kafanchan ba su san aiki ba. Garin ya bunƙasa ne da jirgin ƙasa tun wajajen 1927, ya kuwa daɗe da masu sana'ar ƙarfe da walda. Amma da yawa daga cikin manyansu sun koyi aiki ne a kan Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗa irinta a Kaduna bayan buɗe masana'antar Kakuri a 1975. Yawancin waɗannan motoci giyar hannu gare su, da kafireto, ba kwamfuta. In an taɓa salansa, sai a daidaita kafireto a wuce. Toyota Camry da Honda Accord na bayan 1996 ba haka suke ba. Akwai ma'auni a jikin salansa mai gaya wa kwamfutar mota yawan iskar da ta rage cikin hayaƙi, da shi take auna man da za ta ba injin. In aka canja masa mazauni, ko aka bar ɓula kusa da shi, sai kwamfuta ta ɓata lissafi, fitilar gargaɗi ta kama, mai ya riƙa tafiya banza.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa mai mota ba. A cikin salansa akwai matatar hayaƙi wadda kanikawa suka laƙaba wa suna indomi. Tana ɗauke da ƙarafa masu tsada, irin su filatinam, kuma masu sayen tsohon ƙarfe na biyan kuɗi mai kauri a kanta. Sau da yawa in an sa heda, matatar ce ke fara ɓacewa. Ba kowane bakanike ke da wannan hali ba, amma duk wanda ya nace lalle sai an sare salansa, ya kamata a tambaye shi ina tsohuwar za ta. Motar da aka cire wa matata tana fitar da hayaƙi mai guba fiye da kima, ga shi tun 2011 hukumar NESREA take da ƙa'idoji a kan hayaƙin motoci. In waldar ba ta kama da kyau ba, wannan iska marar wari tana iya shiga cikin mota, yara na barci a baya, gilashi a rufe saboda hunturu. Har ila yau dogayen bututai kan sauko ƙasa, kuma wanda ya san hanyoyin ƙauyukan Jaba da Zangon Kataf ya san dutse ba ya jin roƙo.

Wani zai ce, to in manifol ya tsage fa? Sai a nemi irinsa na asali, a kasuwar Ladipo ta Ikko ko Panteka ta Kaduna, a sa sabon gaskit, a mayar da garkuwarsa. Wanda kuma ya ce shi dai sai heda, motarsa ce, amma ya kiyaye abubuwa shida: ya zaɓi mai bututai huɗu da ke haɗewa biyu sa'an nan ɗaya, domin shi ya fi dacewa da tuƙi na hankali, a sa garkuwar zafi, a nisanta bututan man giya, a mayar da ma'auni mazauninsa, a bar matata inda take, a ƙara wa giya ƙaramin lagireto nata na kanta. Ya kuma tsaya a kan aikin da kansa, ya tafi da tsohon kayansa gida.

Ga sauran jama'a kuwa, kuɗin heda ya fi amfani in an kashe shi wajen duba man giya, da wanke lagireto, da canja fulogi da matatar iska, da gyara birki da tayoyi. Waɗannan su ne ke rage shan mai da gaske, su ne kuma ke kai mutum gida. Iyaye a Kafanchan da Kwoi da Zonkwa ba ƙarar salansa suke jira su ji ba, sallamar ɗansu suke jira. Allah ya kai kowa lafiya.