Gandun Bayi a Kasuwar Attajirai

A gaɓar tekun jihar Karolina ta Kudu a Amurka, dillalai suna tallar tsofaffin gandaye a kan miliyoyin daloli. Tallar takan yabi ginshiƙan gidan, da manyan itatuwan da suka yi wa hanyar shiga rumfa, da fadamar harbin agwagwa, amma ba kasafai take faɗin wanda ya haƙa fadamar ba.

Bayi ne suka haƙa ta. Su suka sare kurmi, suka ɗaga madatsun ruwa, suka noma shinkafar da ta azurta birnin Charleston, kuma da yawansu daga yankunan noman shinkafa na Afirka ta Yamma aka kwaso su. A watan Janairun 1865 Janar Sherman ya ba da umarnin raba wa 'yantattun bayi filayen wannan gaɓa, kowane iyali har eka 40. Kafin shekarar ta ƙare, Shugaba Andrew Johnson ya ba da umarnin a mayar da mafi yawan filayen ga iyayengijin da. Da yawa daga cikin takardun mallakar da ake ciniki a yau ta wannan hanya suka biyo.

Masu kare cinikin sukan ce mai saye bai bautar da kowa ba, kuma kuɗinsa ne ke hana ginin rushewa. Haka ne, sai dai babban gida ake yi wa kwaskwarima. Ɗakunan bayi sukan ruɓe, kaburburansu kuma suna cikin daji a bayan shinge, inda jika sai ya nemi izinin baƙo kafin ya ziyarci kakansa. Tarihin nan shi dillali ke sakawa a farashi, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Jihar Luwiziyana ta nuna cewa akwai zaɓi. Gandun Nottoway, wanda bayi suka gina a 1859, ya koma otal da wurin bikin aure har gobara ta cinye shi a watan Mayun 2025. Gandun Whitney kuwa an buɗe shi a 2014 a matsayin gidan tarihin bauta, da sunayen bayi rubuce a bango.

Ba kowane gandu zai zama gidan tarihi ba. Amma ya kamata doka ta wajabta auna maƙabartar bayi da rubuta ta a takardar mallaka kafin a sayar, ta kuma tabbatar wa zuriyarsu hanyar shiga wadda ba ta dogara da alherin mai gida ba.