Gardawan Da Ke Sauka A Tsangayun Gashuwa Da Nguru

Kowace shekara idan makarantun boko suka yaye ɗalibansu, akan buga sunayen waɗanda suka yi fice, a ba su kyaututtuka da takardun shaida. Amma akwai waɗansu ɗaliban da su ma ke kammala karatu a Gashuwa da Nguru cikin Jihar Yobe, ba kuwa wanda ke buga labarinsu, watau gardawan tsangaya. Tsangaya makaranta ce ta maza wadda ba hukuma ce ta kafa ta ba, malami ne ke da abinsa, shi ke karɓar yaro daga hannun ubansa, shi ne kuma zai ce ya isa a sallame shi.

Tun zamanin da sarakunan Barno ke zaune a Birnin Gazargamu, wanda kangonsa ke kusa da Gaidam, ƙasar Gabas ta yi suna wajen haddar Alƙur'ani. Sarakunan sukan ba manyan malamai takardar da ake kira mahram, wadda ke ɗauke musu haraji don su zauna su karantar. Da hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta isa Nguru a 1930, sai tafiya Gabas ta ƙara sauƙi ga almajiran ƙasar Hausa. Garin kuma ya sami malamai irin su Shehu Muhammadu Gibrima, wanda ya rasu a 1975, suka ƙara jawo masu neman ilmi. Shi ya sa har yau in aka ce wane ya yi karatun Gabas, sai a dube shi da idon girma.

Kafin yaro ya kai ga sauka, sai ya taka matakai da dama. Yakan fara yana ƙolo, yana koyon babbaƙu da farfaru, sa'an nan ya zama titibiri, daga nan ya zama gardi. Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu kuma sumuni 8, watau sumuni 480 ke nan, kuma dukkansu sai sun bi ta kan allonsa, ya rubuta, ya biya a gaban malam, ya wanke. Ranar sauka akan yi wa allonsa zayyana, ya karanta a gaban jama'a, a yi walima. Wannan saukar farko ce kurum. Mai himma yakan koma ya sake bi da hadda, sa'an nan ya shiga satu, watau rubuta allo da ka ba tare da duba takarda ba. Ba a kiransa alaramma sai ya haddace, ya kuma rubuta Alƙur'ani duka da ka. A bisa alaramma akwai gwani, akwai kuma gangaran.

Duk wanda ya zauna da gardawan da ke dab da wannan matsayi zai ga halinsu ya bambanta, ko da yake malami ɗaya ya rene su. Akwai mai kaifin hadda, wanda in aka ja masa baki daga kowace sura zai ɗauka ya wuce ba gargada. Irin wannan galibi ba ya son hayaniya, yakan fita bayan gari ya kafa bukka ya yi kiskadi, ba ya dawowa sai tilawarsa ta zauna. Akwai mai kyawun hannu, wanda ke fere alƙalaminsa da kansa, ya dafa tawadarsa da bagaruwa da ƙaro, ya rubuta baƙi, ya bi da jan wasali, ya ɗiga hamza da rawaya bisa ƙa'idar ruwayar Warshu. Aikinsa yakan ci watanni, kuskuren baƙi ɗaya kuwa yakan sa a sake warƙa guda. Tun ƙarni na 19 matafiya Turawa suka rubuta cewa Alƙur'anan da aka rubuta a Barno ana kai su har ƙasashen Larabawa na arewacin Afirka a sayar da daraja.

Akwai kuma ma'abocin harji, wanda ya san sau nawa kalma kaza ta zo cikin Littafin, da inda ta zo da wasali kaza, da inda ayoyi masu kama da juna suka rabu. Shi ne abin tsoro a wurin darasu, domin ba a shigar da kuskure a gabansa. Na ƙarshe shi ne wanda jama'a ba su cika lura da shi ba, watau gardin da malam ke bar wa ƙananan yara. Shi ke tashinsu da asuba, ya hura wutar karatun dare, ya raba faɗa, ya yi jinyar mai zazzaɓi. Sau da yawa haddarsa ba ta kai ta abokansa ba, amma in ya koma garinsu shi ne tsangayarsa ke saurin cika, saboda ya iya riƙon 'ya'yan mutane.

Abin lura kuma, yawancinsu da guminsu suka yi karatun. Wani ɗinkin hula ya riƙe shi, wani wanki da guga, wani ƙwadago a gonakin shinkafa na fadamar kogin Yobe, wani kuwa taya masunta aiki a dausayin Haɗeja da Nguru.

To, ga inda gizo ke saƙa. Saurayin da ya shekara goma ko fiye yana wannan wahala yakan fita da allo mai zayyana da albarkar malaminsa, amma babu wata takarda a hannunsa da ofis zai karɓa. An kafa Jami'ar Tarayya a Gashuwa a 2013, sai dai alaramman da ke zaune a garin ba shi da hanyar shigarta in ba shi da sakamakon sakandare. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara shiryawa a 1986, ta ɗaukaka mahaddata ƙwarai, amma karatun baki take aunawa, ba ta auna rubutu da ka, wanda shi ne abin alfaharin tsangaya. Gwamnatin Shugaba Jonathan ta gina makarantun almajirai fiye da 150, ta buɗe ta farko a Gagi ta Sakkwato a 2012, da yawansu kuwa suka lalace don rashin kulawa. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa suka yi ta kwashe almajirai a motoci suna mai da su jihohinsu. Duk waɗannan matakai yaron da ke bara a titi suka duba, ba su dubi gardin da ya kai ƙarshen karatu ba.

Ba wanda zai musa cewa akwai gyara a tsangaya. Uban da ya kai yaro ɗan shekara shida wani gari bai bar masa ko mudun gero ba ya yi laifi, kuma yara da yawa kan watse tun ba su kai rabin karatu ba. Amma wannan shi ne ma dalilin da ya sa ya kamata a girmama wanda ya daure ya kai gaci, don ƙanana su ga cewa hanyar tana ɓullewa.

A 2023 aka sa hannu a dokar kafa hukumar ƙasa mai kula da ilmin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Babban aikin da ya dace da ita, tare da Gwamnatin Jihar Yobe da fadar Mai Bade da ta Sarkin Nguru, shi ne a zauna da gwanaye su tsara jarrabawa irin tasu, ta hadda da satu, wanda ya ci a ba shi shaidar da hukuma ta yarda da ita. Sa'an nan a buɗe masa ajin koyon boko da lissafi na ɗan lokaci, yadda zai iya neman aikin koyarwa ko ya wuce gaba. Su kuma gardawan, wajibi ne su tuna cewa sauka ba ita ce iyakar ilmi ba, zauren fiƙihu yana jiransu, sana'ar da ta ciyar da su kuma ba abin yarwa ba ce.

Allah ya sa wa karatunsu albarka, ya saka wa malamansu da alheri.