Faci Ko Sabon Ɗinki?

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa tsakanin ma'aji da injiniyan kwamfuta. Ma'aji ya ce shafin rajista yana aiki, ɗalibai suna biyan kuɗi, don me za a taɓa shi? Injiniya kuwa ya ce uwar garke, watau babbar na'urar da ke ɗauke da shafin, ta tsufa, manhajar da ke cikinta kuma masu ita sun sallame ta. Wannan magana ta shafi Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, ta shafi asibitin tarayya na Nguru, ta kuma shafi duk wata cibiya da ke zaunar da yara jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta zalla tun 2015.

Abin da ma'aji bai cika lura da shi ba, manhaja ba ta tsufa irin na mota, ba a jin ƙara, ba a ganin hayaƙi. Tsufanta shi ne ranar da masu ita suka daina aiko da facin da ke toshe kafofin ɓarayi. PHP, harshen da aka gina akasarin shafunan duniya da shi, an daina kula da samfurinsa na 7.4 tun Nuwamba 2022. CentOS 7 wa'adinta ya cika a ƙarshen Yuni 2024. Windows 10 ma kamfanin Microsoft ya janye hannu daga kanta ranar 14 ga Oktoba 2025, sai fa ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Daga ranar, duk kafar da aka gano a buɗe za ta zauna.

Ingila ta ɗanɗana kuɗarta. A watan Mayu 2017 wata muguwar manhaja, WannaCry, ta bazu ƙasashe kamar 150, ta kulle na'urorin asibitocin gwamnati, aka soke ganin likita wajen 19,000. Abin takaici, facin da zai tare ta ya fito tun watan Maris, sakawa ce ba a yi ba.

To, amma kada injiniya ya yi saurin tafi. Ranar 14 ga Mayu 2025 magatakardan JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya tsaya gaban 'yan jarida har da hawaye, ya amsa cewa sakamakon ɗalibai 379,997 ya gurɓace a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas. Dalili kuwa, an yi wa na'urori wani gyara, ya zauna a wasu, bai zauna daidai a wasu ba. Dole aka sake wa yaran jarrabawa. Ashe rabin gyara, a tsakiyar aiki, ya fi tsohuwar manhaja ɓarna.

Sa'an nan ga batun kuɗi, kuma a nan ma'aji yana da gaskiya ƙwarai. Hayar uwar garke a ƙasashen waje da dala ake biya, dalar da ta tashi daga kimanin Naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. In kuwa za a ajiye na'urar a gida, wanda ya san zafin Nguru a watan Afrilu da ƙurar hunturu ya san sai da ɗaki mai sanyi dare da rana, ga wutar lantarki ba tabbas. Windows 11 kuma ba ta hawa tsofaffin kwamfutoci da yawa, watau mai cibiya sai ya sake sayen wasu.

Duk da haka, ba ma'aji ne ya kamata ya yanke hukuncin ba, kalanda ce. Duk manhajar da wa'adinta ya cika, kuma tana fuskantar intanet, tana riƙe da sunaye da sakamako da kuɗin jama'a, a sauya ta ko da za a fasa fentin ofis. Wadda masu ita ke kula da ita har yanzu, a bar ta, a riƙa saka mata faci. Sabon yayi ba dalili ba ne. Na'urar da ba ta haɗe da kome, sai buga takarda, tana iya jira.

Lokacin sauyin kuma shi ne hutu, ba makon rajista ba, sa'ad da yaro ya baro Machina ko Yusufari da kuɗin mota na rana guda. A kwafi kome a adana, a gwada sabon a wata na'ura dabam, domin shafin da aka rubuta don PHP 7 yakan tsaya cik a kan PHP 8.

Babbar matsala ma sau da yawa ɗan kwangila ne. Ya gina shafi, ya karɓi kuɗinsa, ya koma birni da kalmomin sirri a aljihu, ba wanda ya san yadda aka ƙulla abin. Shugaban da ya tarar da haka, kafin ya sa hannu a takardar sayen sabuwar na'ura, sai ya fara karɓo mabuɗan tsohuwar tukuna.