Suɗaɗɗiyar Taya Da Ruwan Kurmi



Yau maganar taya na ke so mu yi, tayar babur, kuma na san wani zai ce duk matsalolin da su ka dame mu a ƙasar nan ba a ga abin tattaunawa ba sai roba. To, a yi mani haƙuri. Duk wanda ya san zaman Agege ko Mile 12 ko Sabon Badun ko Shagamu ya san cewa bayan fataucin shanu da goro da kayan gwari, babu sana'ar da ta ɗebi samarinmu kamar acaɓa. Gidaje da yawa a Arewa, kai har da Nijar, da kuɗin da ake aikowa daga kan mashin su ke cefane. Kuma duk wannan rufin asirin a kan wuri biyu ya ke tsaye, kowanne bai kai faɗin tafin hannu ba, wato inda tayar gaba da ta baya su ke taɓa ƙasa.

Abin da na lura da shi shi ne mun taho da ɗabi'ar gida mun kawo ta inda ba ta aiki. A Kano ko Gusau damina wata huɗu ce, sauran shekara ƙasa a bushe ta ke, saboda haka mutum zai yi ta hawan taya har ta suɗe, har zare ya fito, kuma sau da yawa ya sha. Nan ba haka ba ne. A Ikko ruwa ya kan kankama tun watan Afrilu har Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Fatakwal kuwa ba a magana. Wannan zanen da ke jikin taya ba ado ba ne, magudana ce, ta nan ruwa ke ficewa domin roba ta samu ta kama kwalta. Idan zanen ya shafe, ruwan ba shi da hanya sai ya zauna tsakanin taya da titi, ka taka birki mashin ya ci gaba da tafiyarsa. Mafi muni ma shi ne yayyafin farko, lokacin da ruwa ya taso da baƙin man da motoci su ka zubar amma bai kai ga wanke shi ba.

Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, faɗuwar ɗan acaɓa Bahaushe a Kurmi ba ɗaya ta ke da faɗuwarsa a garinsu ba. Can idan ka buge mutum akwai mai unguwa, akwai dattawa, a kai shi asibiti a sasanta. Nan kafin ka miƙe ka kakkaɓe jikinka an taru, kuma magana ta tashi daga kanka ta koma kan ƙabilarka. Waɗanda su ka ga rikicin Mile 12 na watan Maris 2016, wanda rahotanni su ka ce daga hatsaniya da ɗan acaɓa ya faro, sun san yadda mai sayar da tumatir da bai san hawa ba bai san sauka ba ya rasa kasuwarsa na kwanaki. Ga kuma gwamnatin Ikko da ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a watan Yuni 2022, ta ƙara huɗu a Satumba na wannan shekarar, kuma haɗari na cikin hujjojin da ta bayar. Wannan ya tura da yawa daga cikin yaranmu gefen gari da jihar Ogun, inda hanyoyin su ka fi lalacewa su ka fi cin taya.

To, ta yaya za a zaɓa? Komai a rubuce ya ke a gefen tayar, karantawa ce ba mu yi. Idan ka ga 3.00-17, lambar farko faɗin taya ce, inci uku, ta biyu kuma girman wili ne, inci 17. Ƙaramin Bajaj Boxer da ya cika tashoshinmu ya kan zo da 2.75-17 a gaba da 3.00-17 a baya, wasu mashinan kuma wilinsu 18 ne, kuma taya mai 17 ba za ta taɓa zama daidai a kan wili mai 18 ba ko da mai shago ya rantse. Idan kuma ka ga irin 100/90-17, faɗin milimita 100 ke nan, tsayin gefen kuma kashi 90 cikin ɗari na faɗin. Bayan wannan akwai wata lamba da harafi, alal misali 50P. Hamsin ɗin na nufin tayar za ta ɗauki kilo 190, P kuma na nufin iyakar gudunta kilomita 150 a awa. Gudun bai dame mu ba, amma a duba nauyin: direba, da fasinja biyu, da buhun garin rogo a kan kariya, kuma mafi yawan wannan nauyin a kan tayar baya ya ke sauka.

A nan ne wasu ke yin dabarar da ni ban yarda da ita ba, su sayo taya mai faɗi fiye da ƙa'ida su tura ta a kan siririn wili, wai don ta ɗauki kaya, wai kuma mashin ya yi kwarjini. Wilin ya kan matse ta, bayanta ya yi tsini, sai ya zama wurin da ke taɓa ƙasa bai ƙaru ba, tsakiya ta cinye da wuri, a kwana kuma mashin ya riƙa yi maka gardama. Wani lokaci ta riƙa gogar murfin sarƙa. Ga ƙarin shan mai, a zamanin da tun cire tallafi a watan Mayu 2023 kowane ɗigon fetur lissafi ne. Idan ƙarfi ka ke nema, ka tsaya a kan girman da kamfani ya sa ka nemi mai 6PR maimakon 4PR, domin wannan alamar ita ke nuna ƙwarin jikin tayar.

Sai kwanan wata. Akwai lambobi huɗu a cikin wani ɗan zagaye a gefen taya: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2322 na nufin an yi ta a mako na 23 na shekarar 2022. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, ta bushe, ta yi tauri, ta fara tsatstsagewa a gefe. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta daɗe tana jan kunne a kan tayoyin da su ka wuce shekara huɗu. Taya na iya zama fil a leda amma ta shekara biyar a rufin shago rana na dukanta.

Maganar tsada kuwa gaskiya ce, ba zan raina ta ba. Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi baya a Ikko a 2008, alhali ga gonakin roba nan a Edo da Delta. Tun daga nan yawancin tayar da mu ke hawa daga waje ta ke zuwa, saboda haka da dala ta yi tari sai farashi ya motsa tun daga Nnewi har shagon bakin tasha. Amma lissafin da ake yi ne ba daidai ba. Mu ɗauka, a matsayin misali kawai, akwai taya ta dubu goma sha biyu da za ta yi maka wata biyu, akwai ta dubu goma sha takwas da za ta yi wata huɗu. Ta farko dubu shida ke nan a wata, ta biyu dubu huɗu da ɗari biyar. Ba a sa kuɗin faci ba, ba a sa rabin yinin da za ka ɓata a gindin mai faci abokanka na ɗibar fasinja ba. Ba ina cewa duk mai tsada ce mai kyau ba, domin jabu ya yi yawa kuma suna ba ya hana a cuce ka. Abin da na ke cewa, ka rubuta ranar da ka sa taya da ranar da ka cire ta. Idan mutum goma a tasha ɗaya su ka yi haka na shekara guda, babu ɗan kasuwar da zai sake yi masu daɗin baki.

Ta hannu kuwa, wadda su ke kira tokumbo, a guje ta. Shigo da tsohuwar taya ma yana cikin jerin abin da kwastan ta haramta. Akwai masu ɗaukar suɗaɗɗiya su sake yanka mata zane da wuƙa mai zafi su shafe ta da baƙi ta yi ƙyalli, alhali naman da ya rage tsakanin titi da tif bai fi fatar albasa ba.

Yanzu bari in juya ga alhazanmu masu mashina, domin a nan gizo ke saƙar. Yaro ya karɓi mashin, kullum zai kawo balas, ga tikitin ƙungiya, ga 'yan kamasho a kowace mahaɗa, ga mai, ga abinci, ga na aikawa gida. Idan taya ta suɗe ya je wurin Alhaji, sai a ce ai kai ke hawa. Shi kuma ya ce ai ba mashin ɗina ba ne. Haka za a yi ta ja har ranar da za a kira Alhaji daga ofishin 'yan sanda ko asibiti, ya biya ninkin kuɗin taya sau ashirin, mashin kuma ya yi wata a tsare. A gani na, tun ranar da za a miƙa makulli ya kamata a yanke magana a gaban shaidu: a ware wani abu daga balas na kowace rana, a ajiye shi daban da sunan taya da tif da birki, kamar yadda mu ke adashe. Shugabannin tasha da fadar Sarkin Hausawa, waɗanda dama su ake tasa cikin dare idan abu ya faru, su ne su ka fi cancanta su tsaya a kan wannan. Kuma ma'auni ba ya buƙatar gardama, domin a cikin zanen kowace taya akwai wani ɗan tudu, an yi masa alama a gefe da ƙaramin kibiya ko haruffan TWI. Ranar da zanen ya yi daidai da tudun, tayar ta gama aiki.

Iska ma na kashe taya kafin lokacinta. Yawancin masu faci da babban yatsa su ke awo, ko su cika ta tam har ta riƙa tsalle a kan rami. Ta yi yawa, tsakiya ta cinye, riƙo ya ragu. Ta yi kaɗan, gefe ya cinye, ta yi zafi, ta tsunkule tif. Ga irin ƙananan mashinan nan awon ya kan kama wajen 25 a gaba, 28 zuwa 32 a baya gwargwadon kaya, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta ɗau zafi. Geji ɗaya ya ishi tasha guda. Idan za a sa sabuwa, a sa ta da sabon tif, a duba kibiyar da ke nuna inda za ta riƙa juyawa, kuma a bi ta a hankali kwana biyun farko domin sabuwar roba tana da santsi. Kada kuma a manta da ta gaba don ba ta saurin cinyewa. Idan ta baya ta zame, gwani na iya tare mashin da ƙafa ya daidaita shi, amma idan ta gaba ta zame a kwana, sai dai mutum ya ji shi a ƙasa shi da fasinjansa.