A Bar Wa Kowa Maɓallin Tab Ɗinsa

Duk ɗalibin da ya taɓa ba kwamfuta umarni a rubuce cikin Linux ya san amfanin maɓallin Tab. Ka buga haruffa biyu ko uku, ka danna shi, sai manhajar bash, wadda Brian Fox ya fito da ita a 1989, ta ƙarasa maka sunan fayil ko na umarni. Wani sashe mai suna readline ne ke yin wannan aiki.

Wasu malamai na ganin hakan yana sa ɗalibi kasala, don haka sukan hana shi ga kowa ta hanyar rubuta "set disable-completion on" cikin /etc/inputrc. Hujjarsu tana da tushe, domin wanda bai taɓa rubuta umarni da hannunsa ba, da wuya ya haddace shi. Amma a ganina hukuncin ya yi tsauri, tunda ya haɗa ɗan koyo da wanda ya riga ya ƙware.

Haramcin ma ba shi da ƙarfi. Idan mutum ya ajiye fayil mai suna .inputrc cikin jakarsa ta gida, shi readline ke karantawa, ba na kowa da kowa ba. Ke nan ɗalibi mai wayo zai kauce cikin minti ɗaya.

Gara malami ya koyar da fayil ɗin. Ɗan koyo ya kashe Tab ɗinsa na ɗan lokaci, wanda manyan haruffa da ƙanana ke rikitawa ya rubuta "set completion-ignore-case on". Sai dai a fara da layin "$include /etc/inputrc", don kada saitin makaranta ya ɓace masa.