Albashi ya tafi, wari ya zauna

Mahaifina ya yi shekara goma sha tara yana taka keke daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Sharaɗa. A masaƙa yake aiki. Da albashinta ya yi mana makaranta, ya aurar da yayyena mata biyu. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 sai wuta ta yi ta ƙaranci, atamfar waje ta cika Kantin Kwari, masaƙu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Ranar da aka sallame su, da keken ya dawo, da tari a ƙirji.

Ni kuwa ƙannena nake ji. Yaron da aka haifa a Sharaɗa ko Bompai bayan 2000 da wuya a ce ya taɓa jin jiniyar tashi daga aiki. Abin da ya gada shi ne kangon gini da kwata mai canja launi, yau baƙa, gobe shuɗiya. Majemun da suka rage a Sharaɗa da Challawa suna jima da sinadarin kuromiyam, dagwalon Sharaɗa kuma ya bi rafin Salanta ya faɗa kogin Challawa. Na Bompai ya bi Getsi ya haɗu da Jakara. Da ruwan nan ake ban ruwan lambuna. Mu 'yan Tarauni da muke ganin babu majema a bayan gidanmu, latas ɗin da muke saye a kasuwa bai zo da takardar inda aka shayar da shi ba.

Samarinmu ba ragwaye ba ne, wannan na gani da idona. Asabar ɗin ƙarshen wata za ka same su da shebur da baro, sun shiga kwalbati har gwiwa, babu safar hannu, wani ma da silifas. Da kuɗin karo-karo suke hayar baron. Allah ya saka musu. Amma zan faɗi abin da ba za su so ji ba: shebur yana kwashe leda da yashi, ba ya kwashe guba. Aikin gayya kuma ya zama hutu ga masu alhakin. Mun yashe, an ɗauki hoto an sa a Facebook, mai masana'anta ya yi barcinsa.

A tuna Zamfara a 2010. Yara fiye da 400 gubar dalma ta kashe, kuma sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka auna jini kafin duniya ta waiwayo. Awo ne ya yi magana. A nan Kano malaman Jami'ar Bayero sun sha auna ruwan rafukan nan, sakamakon yana kwance a kundaye cikin Turanci. Hukumar kare muhalli ta NESREA tana nan tun 2007, dokar tace dagwalo kafin a sake shi tana hannunta.

Don haka, 'yan uwa shugabannin ƙungiyoyin unguwa, ku je jami'a ku nemi kundayen nan, a fassara su da Hausa, a karanta a gaban mai unguwa da liman. Ku rubuta wa NESREA takarda, ku karɓi kwafi mai hatimi, bayan wata guda ku koma ku tambayi inda aka kwana. Asabar mai zuwa, a cikin kuɗin hayar baro a ware na takarda da biro.